Yafiyar Baba ba ta da lamba

Yau a wata likita, wato asibiti, a Yamai na zuba Faransanci mai tsada, na gabatar da ciwon kan da Baba yake fama da shi tun da motar kasuwa ta buge shi a hanyar Damana, domin inshora ta biya hoton kansa.

Malamin takardu ya ce, "Baba, lambar haɗari, wadda inshora ke biyan hoto da ita, sai da takardar jandarma. Tana ina?"

"Ɗana, direban na ta kuka. Na ce na yafe, ya tafi."

Sai ya rubuta lambar ciwon kai irin na kowa, wadda iyakarta ƙwaya.

Ga mu a motar Filingue, Baba ya dafe kai da hannu biyu. Jama'a, wace ƙofa ta rage mana?