Bijiman da Suka Zo Hutu

Shekaranjiya maigidana ya sayo wa ragonmu harawa. Ina kwance ɗaurin sai ƙamshinta ya buge ni, na tsaya da igiya a hannu kamar wadda aka kira sunanta. A falo kuwa 'ya'yana maza biyu suna ta musu kan wani shiri da suka ji a rediyo, wai manyan attajirai suna kai dukiyarsu bankunan wasu tsibirai can ƙetare don kada gwamnati ta gani ta yanka musu haraji. Babban yana cewa a ɗaure su kawai. Ƙaramin yana cewa muddin aka ambaci ɗauri babu mai dawo da ko sisi, gara a yi musu afuwa su kawo. Ni dai hankalina ya riga ya koma gidan kakata a Samaru.

In ba ka riski zamanin haraji ba, bari in gaya maka yadda yake. Da kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, sai a yanka wa kowace unguwa kuɗi a dunƙule. Mai unguwa da dattawa su bi gida-gida su ga ƙarfin kowa, su raba. In na wani ya ragu, na maƙwabcinsa ne zai ƙaru. Mahaifina a cikin hularsa yake ninke takardar shaidar biya, ko masallaci ba ya zuwa sai da ita.

Yayansa, wanda muke kira Baba Babba, shi ne ɗan farin kakata. Hatsi yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, gidansa kuma a Jushi. Wata safiya ina 'yar shekara tara muka tashi muka tarar da bijimai uku a bayan ɗakin kakata, da tulin harawa kusa da su. Baba Babba ya ce rumfarsu ce ta rushe, za su zauna kafin a gyara. Mu yara murna muka yi. Akwai wani fari mai karyayyen ƙaho da ke lasar gishiri a tafin hannuna, har yau ina jin kaushin harshensa.

Bayan kamar kwana goma sai makitsiyar kakata ta zo. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, maƙwabciyar Baba Babba a Jushi, mijinta tela. Duk mako biyu takan hau mota ta zo, su yi kitso suna hira kamar uwa da 'ya. Ran nan ta shimfiɗa tabarma ke nan sai farin bijimin ya yi kuka. Ta leƙa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi wata 'yar dariya.

"Ashe nan kuka zo hutu."

Kakata ta tambaye ta abin da take nufi. Da farko ta ƙi, ta ce ita kitso ya kawo ta. Sai da kakata ta riƙe mata hannu ta ce ba za a taɓa kanta ba sai ta ji. Nan ta faɗa. Babu rumfar da ta rushe. Ana gobe dattawa za su zaga aka fitar da bijiman, Baba Babba ya nuna musu turaku babu komai, ya yi kukan kasuwa ta mutu. Aka rage masa, aka ƙara wa na kusa da shi. Mijinta ya kasa biya, ga keken ɗinkinsa can a zauren mai unguwa, in mako ya cika za a sayar. Da keken nan suke ci, da shi 'ya'yansu huɗu ke zuwa makaranta.

Kakata ta ɗaura ɗankwali a kan tsefaffen gashinta, ta aika a kira 'ya'yanta.

Bayan la'asar suka taru ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ni ina tsintar wake a ƙofar ɗaki. Abin dariya, mahaifina, lebura a gonar jami'a, ɗan jam'iyyar talakawa ne mai cewa a soke haraji gaba ɗaya. Baba Babba kuwa yana tare da jam'iyyar manya, masu cewa ƙasa ba ta tafiya sai da shi. Amma ran nan mahaifina ne ya dage a kai magana gaban alƙali.

"Yaya, ai kai ke mana wa'azin haraji a zaure," in ji shi. "Ashe na tela kake nufi."

"Kai da ka ce zalunci ne? Na guje wa zalunci, ka yi mini barka mana."

Gwaggona ta ce a rufa wa juna asiri, a biya wa telan a ɓoye, kowa ya huta.

Ka san kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin kakata ta kama sunan Baba Babba ba, ko ta dube shi ido da ido. Ran nan ma bango ta fuskanta, tana jan carbi.

"A gaya wa mai shanun nan ba zan kai ɗana gaban alƙali ba. Amma gobe in rana ta take, ya kora su da kansa, ba ɗan aike ba. Ya bi titi ta Palladan, ya tsaya ƙofar mai unguwa ya ce a sake duba ƙarfinsa. Keken kuma shi zai mayar da shi inda aka ɗauko."

Baba Babba ya durƙusa. Ya ce zai biya ninki biyu, a dai bar shi ya fitar da su da asuba.

"Da duhu suka zo," in ji kakata. "Da rana za su koma."

Haka aka yi. Na raka su har bakin kwalta, na ga Baba Babba cikin babbar riga, sanda a hannu, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, masu shaguna suna leƙowa. Mahaifina na biye da shi a kan kekensa na hawa, wai don kada ya ratse. Mako biyu bayan nan makitsiya ta zo da wata 'yar riga mai fure da mijinta ya ɗinka mini, ta ƙarasa kitson da aka bari.

Ba a jima ba wata gwamnati ta zo ta soke harajin. Amma musun bai mutu ba. Har mahaifina ya rasu yana cewa an yi wa yayansa sassauci. Shi kuwa Baba Babba, duk Sallah sai ya ce da an ba shi zaɓi da gidan yari ya ɗauka. Su faɗa, su yi dariya, su ci tuwo a kwano ɗaya. Allah ya ji ƙansu duka.

Ina cikin wannan tunani babban ɗana ya leƙo.

"Umma, ke me kika ce? A ɗaure su ko a yafe?"

Na ce, "Su dawo da shi da rana."

Ƙaramin ya yi dariya. "Umma, kuɗin yanzu a waya suke tafiya. Ba su san dare ba, ba su san rana ba."

Gaskiyarsa. Dukiyar da ake ɓoyewa yanzu ba ta kuka a bayan ɗaki, ba ta da karyayyen ƙahon da makitsiya za ta gane. Gidan kakata ma an mayar da shi ɗakunan ɗalibai, an sare mangwaron. Amma shi telan har yau ina ganinsa a fuskokin wasu. Makon jiya ma na gan shi a layin asibiti, riƙe da takardar maganin da aka ce ya je waje ya saya, yana ninke ta yana sake ninkewa.

Na zuba wa ragon harawarsa, na je na yi alwala. Akwai wadda nake so in yi wa addu'a, wadda ta ce da rana za su koma.