Sunan Inna Tani a Jikin Waƙa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sheme ya san rumfar Ɗanlahadi mai turi, ko bai san mutumin ba ya san ƙarar sifikarsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan sana'a: ka kawo katin wayarka, ya soka a kwamfuta, ya cika maka shi da waƙa, ko wa'azi, ko waƙoƙin coci in kai nasu ne. Siririn mutum ne mai yawan gyara tabarau, kuma Allah ya jarrabe shi da cuta guda, cutar rubuta suna. Tun yana yaro a Gidan Bawa, wani ɗan ƙauye bayan Mabai, fartanyarsa da suna, buhunsa da suna, har jakin ubansa sai da ya sha fenti. Ranar da ya mallaki kwamfuta kuwa, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Sauran masu turi ba ruwansu, waƙa a wurinsu lamba ce. Shi kuwa gogan sai ya cika kowane gurbi: mawaƙi, garinsu, shekara. In aka yi masa tsiya ya ce, "A gidanmu wanda ya rera waƙa bai ambaci mai ita ba ɓarawo ne."

Inna Tani ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita ta raine shi bayan uwar ta rasu. Tsohuwa ce mai murya, mai kuma baki, wai! Shekarar da 'yan bindiga suka kore shanun huɗar ƙauyen, ta tsaya a wurin sussuka ta rera musu waƙa. Ta kira su ƙattin da suka iya saɓa bindiga amma fartanya ta fi ƙarfinsu. Mata suka yi ta guɗa, wasu na hawaye. Ɗanlahadi ya ɗauka da waya, ya zo rumfa ya zuba a kwamfuta, ya rubuta da alfahari: Tani Mati, Gidan Bawa, Mabai.

Kafin wata guda waƙar ta kai Ƙanƙara, ta kai Ruwan Godiya, ta kai Sabuwa, daga wannan waya zuwa waccan. Sai magana ta fara dawowa a ƙasa-ƙasa, wai mutanen daji sun ji, wai suna tambayar mai muryar. Maganar ta iso kunnen Ɗanlahadi. Ya buɗe kwamfuta ya goge sunan, ya goge garin, ya ga gurbin fes, ya yi ajiyar zuciya. Ya ci gaba da tura wa duk mai so, hankalinsa kwance.

Malam Kamilu, mai gyaran waya daga Ƙanƙara, shi ya tashe shi. Ya karɓi waƙar a katinsa, ya kunna, sai ya juyo da wayar. Ga sunan nan yana tafiya a fuskarta, harafi bayan harafi.

"Na goge shi da hannuna!" in ji Ɗanlahadi.

"Ka goge rabi," in ji Malam Kamilu. "Manhajar nan wuri biyu take aje suna. Akwai kundinta na cikin kwamfuta, shi kake gani. Akwai kuma wanda ke jikin waƙar kanta, kamar fenti a jikin buhu. Na kundi ka goge, ba ka danna inda ake kai gyaran jikin waƙa ba. Buhu kuwa duk inda ya je da fentinsa."

Nan take suka gyara, amma gyaran me? Waɗanda suka fita sun fita, babu mai kiransu su dawo. Washegari Ɗanlahadi ya hau mashin ya je ya durƙusa gaban tsohuwar, ya faɗa mata abin da ya yi, ya roƙe ta ta koma Funtuwa wurin ɗiyarta.

"Kai ka rubuta, ai ba ƙarya ka rubuta ba," ta ce. "Ni na rera. Sai na kai dawata rumbu, sannan mu ga."

Ya dawo Sheme. Tun daga ranar duk baƙuwar fuskar da ta tsaya a rumfarsa sai gabansa ya faɗi.

Ranar kasuwa ta biyu bayan haka, da hantsi, wani dogo ya shigo, rawaninsa ya rufe haɓa, takalman robarsa duk jar ƙasa. Bai yi sallama ba. Maƙwabcin Ɗanlahadi mai sayar da caja ya tuna da wani uzuri ya sulale. Dogon ya kunna waya, muryar Inna Tani ta cika rumfar.

"An ce kai ka san waƙoƙi. Karanta mani mi aka rubuta nan."

Ɗanlahadi ya gyara tabarau. Ya kalli rubutun da shi da kansa ya yi. Mutumin da ke kiran mai ɓoye sunan mawaƙi ɓarawo ya ce, "Sunan kamfanin waya ne, ranka ya daɗe. Kawo katin in duba maka, kamar yana da cuta."

Dogon ya janye wayar, ya yi murmushi.

"Na yi firamare, malam, har aji biyu. Tani na gani. Sauran ne ke gudu, ba ya tsayawa in haɗa." Ya dubi cikin kasuwa. "Ba komai. Ba a rasa ɗan boko."

Ya fita a hankali. Ɗanlahadi ya kira lambar Inna Tani, ya tuna Gidan Bawa babu sabis. Bai kashe kwamfuta ba, bai rufe rumfa ba, ya tada mashin. A bakin titi ya waiwaya sau ɗaya. Dogon yana tsaye gaban teburin mai sayar da littattafai, ya miƙa masa wayar, shi kuma bawan Allah ya karɓa yana matso da ita kusa da ido.