Murfin But a Saman Bene

Ranar Lahadi da hantsi Dawuda ya sauko daga bene ya tarar an manna wa motarsa jar takarda a gilashin gaba. Bai sauko da tabarau ba, sai da ya ƙwala wa 'yarsa Suhaila kira ta zo ta karanta masa. Daga baladiyya ce, wato hukumar birnin Makka. An saka motar cikin matattun motocin da aka yasar a titi. Kwana goma sha biyar aka ba shi, ko ya gyara ta ko a zo a ɗauke.

"Matacciya?" in ji Dawuda. "Jiya-jiyan nan na tashe ta."

"Abuya, ba injin suka duba ba. Bayanta suka duba."

Bayan kuwa ba shi da kyan gani. Mako biyu kafin nan wata tankar ruwa tana ja da baya a lungun ta murƙushe murfin but ɗin, ya lotsa ya naɗe kamar gwangwanin da aka taka. Tun daga ranar, da igiya yake ɗaure.

Motar Kafris ce ta shekarar saba'in da takwas, doguwa, ruwan toka. Mahaifin Dawuda, Malam Nasir, shi ya saye ta. Da ƙafa ya baro Haɗejiya yana saurayi, ya ratso Chadi da Sudan, shekara bakwai a hanya, kuma da wannan motar ya yi ta jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka har ƙarfinsa ya ƙare. Dawuda a unguwar Nakkasa ta Makka aka haife shi. Bai yi nisa a makaranta ba, ya koyi gyaran jikin mota, ya shekara talatin da huɗu yana buga guduma a gareji, har ciwon suga ya rage masa gani aka ce ya huta. A Nakkasa akwai ɗan fili ƙofar gidansu, nan motar take kwana, nan yake duk wani aikinsa. Da rusau ya kai layinsu suka dawo unguwar Hindawiyya, hawa na uku a wani tsohon bene, motar ta koma kwanan titi.

Kwana uku ya kashe yana yawon tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Ya je na Makka, ya je na Jidda. Wani dariya ya yi masa, wani ya ce ya sayar masa da motar a kilo. Garejin da ya yi wa aiki suka ce ya kawo murfi su ɗaura, amma su ba sa ƙerawa. Sauya mata layi kuma ba dabara ba ce, tunda an riga an ɗauki lambarta.

A rana ta huɗu ya ce wa matarsa Khadijatu shi zai ƙera.

"A ina, Malam? A falo?"

"A suɗuh."

Suɗuh shi ne rufin bene, inda mata ke shanya. A titi ba a yarda a yi walda ba. Daga hawa na uku wata matakalar ƙarfe ce mai murɗawa take kaiwa can, siririya, mai jiki ma sai ya karkace. Dawuda ya kwance tsohon murfin ya yanka ƙashinsa na ciki gida uku, ya hau da shi ɗaya bayan ɗaya. Fallen ƙarfen da ya sayo shi ma gida huɗu ya sa aka yanka masa. Ya auna bakin but ɗin da kwali da waya, ya hau da ma'aunin.

Matsalar farko ita ce lanƙwasa. Murfin Kafris ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro a tsakiya, sannan ya karyo ƙasa ta wajen lamba. A gareji akwai kututture mai rami da ake dukan ƙarfe a kai, a nan babu. Da ya shiga kicin shan ruwa idonsa ya faɗa kan turmin Khadijatu.

"Ko da wasa," in ji ta, tun bai buɗe baki ba. "Turmin Inna ne. Daga Sudan ta taho da shi."

"Aro zan yi, ba cinyewa ba."

"In ya tsage fa?"

"In na tsaga shi ki tsaga ni."

Ta bar masa, amma kwana biyu ba ta sa masa baki a hira ba.

Da ya dawo daga sallar asuba yake hawa. Ba ya fara duka sai mutane sun tashi, kafin nan awo yake yi da zane. Daga bakwai zuwa goma yana ɗora falle a bakin turmi yana bi da gudumar katako, kaɗan-kaɗan, yana juyawa, yana shafawa da tafin hannu, don hannun ya fi idon gani yanzu. Goma na yi ƙarfen ya fi ƙarfin taɓawa, dole ya sauka sai bayan la'asar. Maƙwabta sun yi ƙorafi sau biyu. A rana ta tara ya tsayar da walda wuri ɗaya fiye da kima, zafi ya murɗe fallen hagu, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Bai gaya wa kowa ba. Suhaila ce ta gane, don ranar bai taɓa abincin rana ba. Watanni biyar ke nan da ta gama jami'a tana zaune gida tana jiran kiran aiki, ba abin da ke wuce ta a gidan.

"Abuya, ka auna suganka yau?"

"Ƙarfe nake aunawa."

A rana ta goma sha huɗu da la'asar ya gama. Ya haɗe fallayen, ya naɗe bakinsu a kan ƙashin da ya miƙar, ya goge, ya shafa farin fenti na ƙasa. Ya kira Hafizu, ƙanin Khadijatu, ya zo su sauko da shi. Hafizu ƙato ne, duk shekara lokacin Hajji a Mina yake dakon kaya da ɗaurin tantuna. Suka ɗauki murfin zuwa bakin matakala.

Suka gwada a tsaye. Suka gwada a kwance. Suka karkata shi, gefensa ya daki ƙarfen tsakiya, fenti ya ɗaye.

Hafizu ya ajiye nasa ɓangaren ya dubi mijin yayarsa.

"Yaya Dawuda, ta ina ka hau da shi?"

"A yanke."

"To a haɗe ta ina ka ce zai sauka?"

Dawuda ya dubi matakalar. Shekara talatin da huɗu a ƙasa yake aiki, ya gama abu ya ɗauka ya ɗora a mota, bai taɓa auna ƙofa ba a rayuwarsa. Ya zauna a kan turmin.

"Ka raba shi biyu, ka sake haɗawa a ƙasa," in ji Hafizu.

"Da wace wutar? A wane titin? In na yanka shi ya mutu."

"To sai mu hau da motar," in ji Hafizu.

Babu wanda ya yi dariya. Hafizu ya je ya leƙa ta kan katangar rufin, ya daɗe yana kallon lungun, sannan ya ce gobe zai zo da igiya.

Gobe kuwa ita ce ranar ƙarshe. Hafizu bai samo igiyar ba sai wajen tara da rabi, rana ta riga ta ɗaga. Yana cikin ɗaure murfin, ƙulli biyu a gicciye irin na kayan Mina, Khadijatu ta kira daga ƙasa.

"Malam! Ga su nan a bakin layi!"

Dawuda ya leƙa. Babbar motar ɗaukar motoci ta tsaya a farkon layin, ana jan wata tsohuwar tasi ana hawar da ita. Wani ma'aikaci da waya a hannu yana bin motoci yana duba lamba. Tsakaninsa da Kafris bai fi mota goma ba.

Suka shimfiɗa tsohuwar darduma a kan katangar don kada bulo ya ci igiya. Hafizu ya ɗaga murfin ya tsallakar da shi, Dawuda ya riƙe igiya a bayansa. A ƙasa Khadijatu ta buɗe hannuwa tana tare masu wucewa, tana faɗa da Hausa tana maimaitawa da Larabci. Suka fara saki, taƙi ɗaya, taƙi biyu. Murfin ba wani nauyin a zo a gani ba ne, amma faɗi gare shi, iskar da ke ratsa tsakanin benaye ta kama shi ya fara juyawa. Sai igiyar ta yi sako-sako.

"Ya maƙale," in ji Hafizu. "A kan na'urar sanyin ɗakinku."

Gefen murfin ya hau kan akwatin na'urar da ya fito daga bango, ya zauna a karkace. Suka ja sama, ƙullin ya sarƙe a ƙarfen da ke riƙe da akwatin.

"Suhaila!" Dawuda ya ƙwala. "Taga!"

Ta buɗe tagar ta leƙo da sandar goge-goge, amma sandar ba ta kai ba. Ta ƙara fitowa har kugu.

"Ki koma ciki!" Khadijatu ta yi ihu daga ƙasa. "Mota ce! Ƙarfe ne! Ki koma!"

Hafizu ya ga yarinyar ba za ta iya ba. Ya ce, "Yaya, riƙe da kyau," ya saki igiyar ya kwanta a kan katangar, ya miƙa hannu ƙasa don ya girgiza ƙullin. A daidai lokacin sandar Suhaila ta samu gefen murfin ta tura.

Murfin ya zame gaba ɗaya. Igiyar ta fizgi Dawuda ta buga shi da katanga, ta shiga gudu a tafin hannunsa. Ya ji kamar an ɗora masa garwashi. A ƙasa wani ya yi salati da ƙarfi. Dawuda bai san wa ke ƙarƙashi ba, ya dai san Khadijatu na wajen. Ya damƙe, ya murɗa igiyar a damtsensa, ya durƙusa ya tokare gwiwa da bango. Ta tsaya.

Hafizu ya taso ya cafke ragowar. Suka tsaya suna haki. Da Hafizu ya leƙa, murfin na lilo bai fi tsayin mutum biyu daga ƙasa ba, Khadijatu ta manne da bango ta ɗora hannu a ka.

Da ƙyar Dawuda ya sauko benen. Fatar tafin hannunsa duka biyu ta saɓule, yatsun sun ƙi miƙewa. Ya tarar mutanen layi sun taru, biyu daga cikinsu sun ɗauki murfin da tsumma saboda zafi sun kai bayan motar. Ma'aikacin saura mota uku.

Dawuda ya kai hannu zai ɗauki sifana, ta faɗi.

"Hafizu, ɗaga shi daidai nan. Suhaila, noti huɗu ne, suna aljihuna. Fara da na dama, kada ki ɗaure tamau sai duk sun shiga."

Na farko ya suɓuce mata ya faɗa cikin but. Ta lalubo shi.

"A hankali. Da yatsa tukuna. In ya yi tauri ba a kan hanya yake ba, ki warware."

Uku suka shiga. Na huɗu ramin ya kauce kaɗan. Dawuda ya sa kafaɗa ya tura murfin gefe, ya cije leɓe, ya ce ta gwada yanzu. Ya shiga.

Ma'aikacin ya iso, saurayi ne, an rubuta Mish'al a katin wuyansa. Ya dubi lambar, ya dubi wayarsa, ya dubi farin murfin a jikin mota ruwan toka.

"Ya ammi," ya ce, wato baffa, "wannan ce mai murƙushasshen baya?"

"Ita ce."

"Rufe mu gani."

Hafizu ya sauke murfin, makullin bai kama ba, ya dawo sama. Ya sake, haka. Mish'al ya waiwaya wajen babbar motar, direbanta ya riga ya fara matsowa.

"Ba da ƙarfi ba," in ji Dawuda. "Ka sa tafin hannu a tsakiya, sama da makulli, ka danna."

Hafizu ya danna. Suka ji ƙas.

Mish'al ya zagaya. Ta hagu akwai 'yar tazara da yatsa zai shiga, a kusurwa kuma ga lotsawar da na'urar sanyi ta yi. Ya tsura wa wurin ido, har Dawuda ya ji bugun zuciyarsa a cikin raunin hannunsa.

"A ina ka samo? Babu irin wannan a tashlih."

Hafizu ya nuna masa saman bene da igiyar da ke reto. Mish'al ya ɗaga kai, ya sauke, sai a lokacin ya lura da hannuwan Dawuda. Ya ɗauki hoton motar gaba da baya, ya danna wani abu a waya, ya yi wa direban alama ya wuce.

"Ka fente shi kalar motar. Takardar kuma ka cire da ruwan ɗumi. Ya ammi, ka tafi asibiti."

Khadijatu ta naɗe masa hannuwa da gyalenta na ciki. Sannan ta buɗe ƙofar baya ta ce ya shiga. Suhaila ta karɓi makulli, ta ja kujera gaba har ƙarshe don ƙafarta ta kai. Ba ta taɓa tuƙa abu mai wannan tsayin ba, ta fita layin kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Da suka hau kan tudun rage gudu na bakin titi, Dawuda ya karkata kai baya ya kasa kunne.

"Ki ɗan ƙara wuta a na gaba," ya ce. "Ina so in ji ko murfin yana kaɗawa."

"Ba za ta ƙara ba," in ji Khadijatu. "Ɗaga hannunka sama, jini na zuba."