Azahar Uku a Rana Ɗaya

Buhu ɗari da ashirin na albasa, kamiyo guda na ɗaukar kaya, yini guda. Abin da ke gabana ke nan a ranar da ba za ta taɓa fita raina ba.

Albasar tana Garhanga hannun ƙanena, damina ta kusa sauka. Mai kamiyon, wani abokina Kirista, yana Bouza, ya ce ba zai taso ba sai ya ji kwarin hanya bai kawo ruwa ba. Lokacin babu salula. Talki-walki uku, 'yan rediyon magana, na sayo na hannu, kowa da tasa, amma tsaunuka sun tare tsakaninsu, sai na hau tudu kusa da Allakaye don in karɓi magana nan in miƙa can.

Batirinsu ba ya jimrewa. Don haka na ce kowa ya kashe tasa, sai an sallame azahar a kunna kaɗan. Na ɗauka dabara na yi.

Tudun nan ba kowa sai duwatsu da iska. Na duba inuwa, na yi sallata ni kaɗai, na kunna tawa. Shiru. Na kira ƙanena, na kira abokina, babu abin da ke dawowa sai shuuu. Tsoro ya hana ni kashewa. Ina riƙe da ita a kunne har ɗan jan haskenta ya mutu kafin la'asar. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Washegari na iske mai kamiyo ya yi lodin wani. Ya ce, "Alhaji, ladanin tasha na bi. Yana gama kira na kunna, ban ji ka ba."

Ƙanena kuma cewa ya yi, "Yaya, limaminmu tsoho na, sai rana ta yi sanyi yaka fitowa."

Kowa ya cika alkawari, amma azahar uku muka yi. Bayan kwana biyu ruwa ya sauka, buhu arba'in suka ruɓe.

Na sayi agogo uku, muka daidaita su wuri guda. A kunna minti biyar kowace awa biyu, ko an ji ko ba a ji ba a kashe. Batir ya koma kai mu kwana uku.

Na rasa buhu arba'in, na koyi cewa ba ƙarfin na'ura ke haɗa mutane ba, sai sun kunna lokaci ɗaya. Na tabbata ban faɗi a cinikin nan ba.