Malama Ba-zama da Akuyar Iya

Yara ne suka laƙaba mata Malama Ba-zama, don kujerarta ta aji huɗu ƙura kawai take sha. Tana koyar da darasin abinci mai gina jiki, ga hoton kifi da ƙwai manne a bango, ga ɗalibai suna hammar yunwa tun da safe. Abin ya ishe ta. Ta bi gida-gida tana roƙon fasassun bokitai, ta jera su a bayan taga, ta shuka alayyafo da wake.

Sai wata akuya ta gano wurin. Malama na tsakiyar bayani za ta hango kunnuwa, ta yar da alli ta fita a guje, mayafi na jan ƙasa. Hedimasta har tsokanarta yake: "Malama, haziƙar ɗalibarki ta iso."

Ranar da akuyar ta cinye waken tas, Malama ta kamo ta, tana huci, ta ja ta har gidan mai ita. Ashe kakar wata ɗalibarta ce, yarinyar da kullum take kifa kai a benci.

"Iya, akuyarki ta fi kowa amfana da darasina. Dubi hantsarta!"

Tsohuwa ta shiga ba da haƙuri.

"Riƙe haƙurinki, Iya. Ganyenmu dai ya riga ya zama nono. Gobe a tatsa, a dafa, a ba jikarki kafin ta fito. In ta sake kifa kai a ajina, ni da ke ne."