Ɗayyaba da Rufaffen Tafki

Ɗayyaba taubashiyata ce, ɗiyar Kawu Maliki ƙanen mahaifiyata, don haka ina da ikon faɗin aibinta a gaban kowa, kuma da shi zan fara: taurin kai gare ta. Tun muna yara a unguwar masunta a Argungu, in ta ce ba ta tashi daga wuri, sai dai a ɗauke ta da tabarmar. Ni Munzali, fataucin albasa nake yi, na yi ciniki da mutane iri-iri daga Kamba har Anaca, ban taɓa haɗuwa da wanda ke cewa a'a da kwanciyar hankali irin tata ba.

Kawu Maliki masunci ne, kamar ubansa da kakansa. Ɗayyaba ta tashi tana taya shi ɗinkin taru, kuma a nan aka fara gane kanta na ja, don takan hango inda ƙulli ya kuskure tun kafin shi ya gani. Ta yi firamare, ta yi sakandare, ta wuce Birnin Kebbi ta karanta kwamfuta. Da ta gama, aikin gwamnatin da kowa ke jira bai zo ba. Sai ta samu kujera a wani shago a unguwar Nasarawa, nan cikin Birnin Kebbi, tana buga takardu, tana cike wa ɗalibai fom, tana gyara wa 'yan neman aiki sunayensu. A can ta yi aure, ta haifi biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kan kujerar nan, har kujerar ta lotsa ta gefen hagu.

Abin da masu kawo takardu ba su sani ba shi ne, duk lokacin da shago ya yi shiru, matar nan daula take ginawa. Wasan kwamfuta take haɗawa, ita kaɗai, ta sa masa suna Gulbin Taurari. Mai wasa yakan fara da duniya guda da 'yan jirage uku, a tsakiyar sararin samaniya, ga wasu dauloli bakwai kowacce na neman faɗi. Sai ka gina birane, ka ƙera jirage, ka ƙulla amana da wannan, ka yaƙi wancan, har ka zama babba ko a haɗiye ka. Jiragen ba sa tafiya sai da mai, man kuma ana samunsa ne a cikin wasu gizagizai masu haske da ke tsakanin taurari. Ɗayyaba ta kira su tafkuna. Kowane tafki akan buɗe shi zagaye ɗaya, a rufe shi zagaye uku don ya farfaɗo. In an rufe, sai ya koma ja.

Ba daga littafi ta samo wannan ba. Haka ake yi da tafkin da ke bayan unguwarmu tun kafin a haife mu. In ruwa ya ja baya aka ce an rufe, to an rufe, ko yaro ba ya jefa ƙugiya sai ranar da dattawan masunta suka ce a shiga.

Shekara huɗu tana gwada wasan a kanmu. Duk ƙarshen wata takan zo Argungu da kwamfutarta a jaka, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya bayan la'asar, a yi ta karɓa-karɓa. 'Yan'uwa, maƙwabta, matan gida, masuntan da suka fito daga ruwa, kowa ya taɓa. Ni kaina na kafa daula ta kai goma sha biyar, kuma duk an cinye ni, don ina da saurin fushi, wasan kuwa ba ya son mai gaggawa. Akwai ranar da man jiragena ya ƙare ƙaf, maƙiya sun kewaye ni, ga jan tafki a gefena cike da mai. Na zauna ina kallo aka kwashe mini birane ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ko a raina bai zo ba in tura jirgi ciki.

Bara wani kamfanin da ke fitar da wasanni ya ga ɗan bidiyon da ta sa a intanet. Ma'aikaciyarsu, Nazifa, wata Bahaushiya da ke zaune a Legas, ta kira ta. Suka ce suna so, za su fitar da shi duniya ta saya, har suka sa sunansa a jerin wasanninsu masu zuwa. Ranar da Ɗayyaba ta nuna mini sunan a waya na ji daɗi har na rasa tsiyar da zan yi mata. Ta gaya wa mai shagon cewa ya fara neman wanda zai gaje kujerar.

Daga nan kamfanin ya ba mutanensa masu gwaji, 'yan ƙasashe dabam-dabam. Ina shagon da hantsi, na kawo takardun lodi a buga mini, sai ga kiran Nazifa. Ɗayyaba ta buɗe muryar wayar ina ji.

“Hajiya, akwai matsala,” in ji Nazifa. “Mutum ashirin suka gwada, sha takwas wasan ya tsaya musu cak kafin minti ashirin. Da zarar an tura jirgi cikin jan tafki, komai sai ya daskare.”

Ɗayyaba ta ce, “To mi ya kai su ciki? Ai an rubuta an ruhe.”

“Mai suke nema. Sun ga mai, sun shiga.”

“Amma an ruhe hwa!”

Na yi dariya har na riƙe ciki, sai daga baya na ga ita ba dariya take ba. Shekara huɗu, mutum ya fi sittin sun buga wasan nan a Argungu, babu ko ɗaya da ya taɓa shiga rufaffen tafki. Saboda haka ita ma ba ta taɓa rubuta abin da zai faru in an shiga ba. Wurin fanko ne, kamar ɗakin da aka sa wa ƙofa aka manta ba a gina shi ba.

Nazifa ta ce gyaran mai sauƙi ne: a cire rufewar gaba ɗaya, kowa ya ɗebi mai lokacin da ya ga dama, dama masu wasa ba sa son jira. Ɗayyaba ta ce in an cire wannan, ba wasanta ba ne kuma. Ta nemi sati uku ta rubuta abin da ya kamata ya sami mai shiga. Aka ba ta, da gargaɗin cewa in gyaran bai gamshe su ba, za a sauke sunan daga jerin.

Matsalar ita ce ita kanta ba ta san amsar ba, ni ma haka. Duk mun tashi mun san ba a shiga, amma ba mu taɓa ganin wanda ya shiga ba. Washegari da safe na ɗauke ta a motar albasa muka nufi Argungu. Muka tarar da Kawu Maliki a zaure, ya baza homa, ragar hannu ta kamun kifi, a cinya yana ɗaure bakinta. Bayan gaisuwa ta durƙusa gefensa.

“Baba, tambaya gare ni. Wanda yas shiga tabki bayan an ruhe, mi aka yi mai?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ana amshe homatai da goranai na shiga ruwa, a ƙone gaban jama'a.”

“Shi ke nan?”

“Da shi ke nan ai da sauƙi. Ba mai shiga kwalekwale da shi. Ba mai sayen kihinai, ko kyauta yab ba ka ba ka amsa. In tarunai ya sarƙe cikin gulbi, ana gani a wuce. In anka yi su na gayya, ba a kiranai. Za a gaishe shi, a yi salla sahu guda da shi, in an yi mai rasuwa a zo. Amma zancen ruwa, kamar babu shi.”

Ɗayyaba tana rubutawa a waya. “Har yaushe?”

“Shekara ukku. Ta ukkun, shi za ya yi gadin tabkin, rani guda cur, ba lada. Ya tsare ma waɗanda sunka ƙi shi kihinsu. Ranar buɗewa in dattawa sun yarda, sai a kira sunanai, a miƙa mai sabuwar homa.”

Ni da bakina da ba ya zama, na ce, “Kawu, kai kam ka san zancen ga kamar kai anka yi ma.”

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dube ni, ya dube ta.

“Ai ni na,” ya ce.

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Kawu ya ci gaba da magana a hankali, hannunsa na kan homar. Shekarar da aka yi fari ne, gero bai yi ba, rumbu babu komai, mahaifiyar Ɗayyaba tana da cikinta wata bakwai, ƙafafu sun kumbura. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya fake wa zafi, ya ɗauki homa ya shiga. Kifi biyu ya kama. A bakin tafkin ya yi kiciɓis da abokinsa na ƙuruciya, kuma abokin bai rufa masa asiri ba. Shekara biyu yana dako a kasuwa da noman ƙodago a fadamar mutane, ta ukun ya yi gadi. Bayan an maido shi, dattawa suka hana a ƙara tayar da zancen, shi ya sa mu yara ba mu taɓa ji ba.

Ɗayyaba ta ajiye wayar. Ta ce, “Baba, ba ka ji haushinsu ba?”

“Na ji mana. Shekara guda ban iya kallon abokin nan ba. Amma da kowa ya yi abin da niy yi, kihin da munka ci har kinka girma da babu shi.”

Daga nan muka yi masa sallama, muka kama hanyar komawa Birnin Kebbi.

Cikin sati uku ta rubuta hukuncin a wasan kamar yadda Kawu ya faɗa. Kana iya shiga jan tafki, ba mai hana ka, jiragenka su cika da mai. Daga nan sai dauloli bakwai su rufe maka tashoshinsu. Ba ciniki, ba ƙawance, in an kawo maka hari ba mai kawo ɗauki, har zagaye talatin. Hanyar dawowa ɗaya ce: ka kai jiragenka su tsare tafkin da ka ɓata, zagaye goma na ƙarshe, wasu su amfana kana kallo.

Masu gwajin suka sake bugawa. Wasu suka zazzaga masifa suka ajiye. Wasu kuwa suka rubuto cewa ba su taɓa jin kunya a cikin wasa ba sai a wannan. Kamfanin ya ga abin ya ja hankali, sai Nazifa ta sake kira, wannan karon da fara'a. Sun amince da hukuncin, in ji ta, sharaɗi ɗaya kawai: a sa maɓalli, wanda hukuncin ya dama ya biya 'yan kuɗi da katinsa, a yafe masa nan take. A nan ne ribar take, kuma manyanta sun ce in babu maɓallin, babu yarjejeniya.

Zan faɗi gaskiya, ni ɗan kasuwa ne. Ranar ma ina shagon da wasu takardun lodi, ina gefe ina yi mata alama da hannu ta karɓa. Shekara goma sha ɗaya a kujera guda, ga yara biyu, ga ƙofa ta buɗe, maɓalli ɗaya me zai rage? Ko kallona ba ta yi ba.

“Malama Nazifa,” ta ce, “ban iya sa shi.”

“Hajiya, ki yi tunani. Wasa ne fa, ba wanda za a cuta. Irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu.”

“Na yi tunani. Na san mutumin da yay yi shekara ukku yana biyan kihi biyu. Shi ba a sai mai hanya ba, to ba ni sai ma kowa. Wanda yas shiga, ya yi gadi.”

“Za a sauke sunan fa.”

“A sauke.”

Kafin azahar sun sauke. Na yi mata faɗa sosai, na ce mata ta zubar da abincinta da hannunta, har mai shagon ya leƙo. Ta bari na gama, sannan ta juya gare shi ta ce in bai riga ya ba wani kujerar ba, tana nan. Ya ce bai bayar ba. Ta jawo takardun lodina ta ci gaba da bugawa.

Gulbin Taurari bai fito ba tukuna. Ta ce ita za ta fitar da shi da kanta bayan an cire albasar rani, ko mutum goma ne za su sauke. Ba ta da masu talla, ba ta da kowa sai ni da nake liƙa takardarsa a jikin motata, kuma direbobi na tambayata ko maganin ƙwari ne.

Ƙarshen watan nan muka je Argungu, na ba Kawu labarin yadda aka yi, don ita ba ta da niyyar faɗa. Na yi masa bayanin maɓallin sau biyu kafin ya gane.

“Ɗayyaba,” ya ce, “da akwai mai sai da hanyar ga a lokacin, wallahi da na saya. Ko da rigar jikina ta.”

“Na sani, Baba,” ta ce. “Don haka niƙ ƙi.”