Ƙullin da ke Sitiyarin Merle

Tun da nake ɗaure jirgin ruwana kusa da na Merle Corkum a garin Mahone Bay da ke bakin teku, ban taɓa jin bawan Allahn nan ya yi kuskure ba. Waliyyi ke nan! In ya daki dakalin da muke ɗaure jirage, iska ce. In ya kafe a yashi, gwamnati ce ba ta gyara taswira ba. Rabin rayuwarsa ya yi yana tuƙa motar share ƙanƙara, kuma duk shingen da ya rusa, mai gidan ne ya kafa shi a kan hanya.

Abu ɗaya dai ba za a ƙwace masa ba, ya iya saƙa ƙulli. Sitiyarin jirginsa na katako ne mai sanduna shida, kuma kamar kowa a nan, ya saƙa ƙullin igiya a sanda ɗaya. In ƙullin na sama, allon juyi da ke ƙarƙashin ruwa ya daidaita, jirgi zai miƙe. Mu mukan duba da ido. Shi kuwa da hannu yake lalubawa, wai ƙwarewa ce. Ƙwarewar lafiya? Idon ne ya tafi, duk garin an sani, shi kaɗai labarin bai iske ba.

Bara 'yarsa Glenda, ma'aikaciyar jinya a Halifax, ta zo ta tarar da sabon tabo a goshin jirgin.

"Baba, wannan fa?"

"Verna ce ta ɗaure nata a karkace."

Ni ce Verna. Ina tsaye a wurin da kofin shayina, ko kunyar idona bai ji ba.

"To ka ji," in ji Glenda, "ka ƙara dukan wani abu sau ɗaya, sayar da jirgin nan zan yi. Ba zan zauna jiran a kira ni a ce an tsamo ka ba."

Ya ce sai ta sayar ya gani. Amma ranar bai iya cin miyar kifinsa ba, don tun rasuwar matarsa ba shi da kowa a garin nan sai jirgin.

Yarinyar kuma maganar da ta faɗa masa ta tsaya mata a rai. Da sanyi ya shigo aka ɗaga jirage kan tudu, sai ta riƙa zuwa a ɓoye duk hutunta. Ta kankare sitiyarin, ta shafa masa man katako har yana ɗaukar ido. Tsohon ƙullin da ya yi baƙi ƙirin ta yanke shi, ta saƙa sabo fari tas, irin yadda uban ya koya mata tana ƙarama. A wace sanda? A wadda ta tarar a sama mana, bayan sitiyarin ya sha juyi wajen aikin, gurbin tsohon ƙullin kuma ya ɓace. Sauka ta leƙa allon juyi ta ga ko a miƙe yake? Ina! Ai 'yar Merle ce, ba ta kuskure.

Da bazara aka mayar da jirage ruwa. Merle ya shafa sabon ƙullin, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce ya ɗan yi sako-sako. Godiyarsa ke nan.

Ya tayar da inji, ya kawo ƙullin sama, ya yi baya da ƙarfinsa yana ɗaga wa jama'a hula. Jirgi ya kwana kamar jakin da ya hango gida, ya zo ya maka wa nawa gindi. Ji kake ƙwaram! Kowa ya fito.

Na sauko ina huci, zagin da na tanada tun bara yana bakina. Sai na ga bai kula ni ba. Ya juya sitiyarin har ƙarshe hagu, ya juya har ƙarshe dama, ya dawo da shi tsakiya. Ƙullin ya tsaya can gefe. Ya gane, ni ma na gane.

"Tsoho, faɗa wa Glenda," na ce a hankali. "Yau dai da gaske ba kai ba ne."

Glenda ta iso a guje, fuskarta ta yi fari.

"Baba, me ya faru? Ko sitiyarin ne? Ko ni na taɓa wani abu?"

Na gyara tsayuwa in sha kallo. Mutumin da ya ɗora wa iska laifi, ya ɗora wa gwamnati, ya ɗora mini, yau ga mai laifi ta kawo kanta har gabansa. Ya dubi hannuwanta, duk sun tsattsage da kankare katako da sanyi. Ya ɗora tafinsa a kan ƙullin ya rufe shi.

"Sitiyari lafiya lau yake. Ni ne ban gani ba, 'yar nan. Idona ya tafi."

Haushi ya kama ni har na ji ƙwalla. Shekara da shekaru ina jiran ranar da Merle Corkum zai ce shi ne, sai ya zaɓi ranar da ƙarya ce.

Wani likitan haƙori daga Chester ya sayi jirgin. Kafin a tafi da shi, Merle ya sa wuƙa ya zare ƙullin, ya gaya wa mutumin wai bai cancanci irinsa ba. Yanzu kullum da safe yana zaune a jirgina yana shan shayina, ƙullin na ɗaure a makullin gidansa, yana sanar da ni cewa ban iya tuƙi ba.